Rufin Ɗakin Takaba

Duk wanda ya zauna a unguwar Kilomita Biyar ya san iskar birnin Bangi ba ta yin sallama. Rana na tsaka da ƙuna sai ka ga sama ta haɗe rai daga wajen kogi, mangwarori su fara sunkuyawa, kafin mace ta gama kwashe shanya kwanon gidan wani ya wuce ta kanta ya sauka a tsakar gidan wani. Shi ya sa mu nan, kafin mu tambayi ɗaki nawa ne a gida, sai mun tambayi wa ya yi rufinsa. Ni Talatu, katanga ɗaya ce tsakanina da Yaya Ummuhani tun ina amarya, kuma labarin rufinta zan ba ku. Har yau in na tuna shi raina ɓaci yake yi.

A nan aka haifi Ummuhani. Mahaifinta ya zo daga Damagaram da fataucin shanu, ya ga wuri ya zauna. Ita ba ta taɓa taka Damagaram ba, amma in tana zancen garin sai ka rantse jiya ta dawo. Sana'arta turaren wuta da humra, kuma amaren unguwar nan kaɗan ne ba su shiga ɗaki da ƙamshinta ba. Ciniki da Sango, yaren garin, take yi kamar kowa, faɗa kuwa sai da Hausa, don ta ce Sango ba ta da kaifi.

Mijinta, Alhaji Ɗantala, yana da shagon kwano da ƙusa a kan Titin Koudoukou. Mutumin kirki ne, Allah ya ji ƙansa, amma ban taɓa ganin mai sayar da kwano da rufin gidansa ya kai nasa muni ba. Tsohon kwano ne tun na zamanin mahaifinsa, an danne shi da duwatsu da tsofaffin tayoyi. In na tsokane shi sai ya ce, "Talatu, kwanon da ya saba da iska ya fi sabo." Duk da haka ba shi da hira sai ta rufi. A bakin akushi yake zagin kafintocin da ke buga ƙusa a kwarin kwano maimakon tudunsa, da masu rowar haɗi, da waɗanda ba sa ɗaure katako da jikin gini. Shekara da shekaru Ummuhani tana zuba masa miya tana saurare, har ta haddace karatun ba tare da ta taɓa hawa tsani ba.

Ɗansu na fari, kuma shi kaɗai ne namiji, sunansa Muhammad Awwal. Ni ce nake faɗa muku sunan, don a bakin uwarsa ba za ku ji shi ba. Ɗan fari ne, kuma Ummuhani ta riƙe kunyar ɗan fari irin ta mutanen da, wadda yaran yanzu suke yi wa dariya. Ba ta kiran sunansa, ba ta yabonsa a gaban mutane, in ya shigo gaishe ta sai ta sami abin yi da hannunta ta amsa tana kallon gefe. Yana ƙarami "yaron nan" take cewa. Da ya yi aure mahaifinsa ya gina masa gida a ƙarshen unguwar Kokoro, can bakin iyakarmu, sai ta koma ce masa "Mai Kokoro".

A kan wannan gida ne Alhaji ya fanshe duk rowar da ya yi wa nasa rufin. Ya ware kwano mai kauri, irin wanda ba ya ajiyewa a gaban shago. Da yake mutum ne mai zargi, yana tsoron kada a musanya masa a hanya, sai ya sa aka jera kwanon a tsakar gida, ya ɗauko koren fenti, ya bi kowane falle ta ciki yana zana alamar shanun mahaifinsa, layi uku kamar sawun kaza. Ummuhani ce ta riƙe masa gwangwanin. Da suka zo falle na ƙarshe ya miƙa mata burushi ya ce ita ma ta sa hannu a gidan ɗanta. Kunya ta kama ta, ta ja burushin a gaggauce, nata sawun ya fito a karkace, fenti ya zarto ƙasa. Ya daɗe yana tsokanarta da cewa kazarta gurguwa ce. Ba a taɓa yi wa wani kwano wannan alama ba, kafin nan ko bayan nan.

Wanda ya ɗora rufin Baba Filimo ne, kafinta daga unguwar Fatima. Sai ku gane wani abu game da mu. Mu 'yan kasuwa ne. Mun iya sayar da ƙusa, mun iya sayar da guduma, amma haɗa su biyun ba a koya mana ba. Tun kakanninmu, rufin Kilomita Biyar mutanen unguwannin Fatima da Miskine ke yi mana shi, su zo da safe da zartonsu, su ci abincinmu, su koma gida da yamma. Rabin layinmu Baba Filimo ne ya rufe shi, kuma babu rufinsa da ya taɓa tashi.

Sai rikici ya zo. Ba zan tsaya ba ku labarinsa ba, kowa yana da nasa kuma babu mai daɗi. Abin da ya shafe mu a nan shi ne unguwa ta zama keji. Na ciki ba ya fita, na waje ba ya shiga, kuma gidajen da ke bakin iyaka suka zama babu kowa. Muhammad Awwal ya kulle gidansa, ya ɗora matarsa da 'ya'yansa a kan babbar mota suka nufi Garwa-Bulai, can kan iyakar Kamaru. Iyayensa suka ce su ba inda za su.

Tun daga nan duk Juma'a bayan masallaci yake bugo waya. Ina yawan zama a wurin, don haka na san yadda hirar take. Ummuhani ba za ta iya ce masa "ka dawo, ina kewarka" ba, bakinta ba zai ɗauki wannan ba ko da wuƙa a wuya. Sai ta ce, "Gidan can fa ciyawa ta cinye ƙofarsa." Ko ta ce, "An ce mangwaron gidan can ya yi 'ya'ya, tsuntsaye ke sha." Shi kuma ya gane. Sai ya ce, "Inna, muddin gidan yana tsaye, da hanya ta lafa zan kwaso yaran. In babu shi kuwa ina zan zuba su? Nan aƙalla na sami tebur a kasuwa." Wannan gida shi ne kaɗai igiyar da take jan ɗanta da ita, kuma kullum tana riƙe da ita da hannu biyu.

Mai kawo labarin gidan shi ne Malam Sharafaddeen, ƙanen Alhaji. Mutum ne mai son a ce shi ya tsaya a kan komai. Duk mako zai shigo ya gyara hula ya ce, "Yaya, na leƙa. Yana nan daram, kwaɗo a ƙofa." Ita kuma ta ɗauki maganar da zafinta ta miƙa wa Garwa-Bulai.

A ƙarshen rani hawan jini ya kayar da Alhaji, bai tashi ba. Ɗansa bai sami jana'iza ba, hanya ba ta biyuwa. Ya yi kuka a waya ya ce in Allah ya yarda kafin Inna ta fita takaba yana gida. Ummuhani ta ɗaura zane marar ado, ta ajiye kwalli, ta sa aka kwashe kwalaben humra aka kai ɗakina don kada ƙamshi ya taɓa ta. Matar da ta rayu cikin hayaƙin turare ta koma warin sabulun wanki. Ta rage murya, ta daina leƙa ko zaure. Mu duka a rufe muke cikin unguwa, amma ita an ƙara mata da wata rufewar a cikin gida.

Ba ta yi nisa da takabar ba hadarin farko ya taso, bayan la'asar. Ina tsakar gidana na ji ƙara kamar an yage sama. Na ɗaga kai na ga tayoyin Alhaji suna gangarowa, sannan rabin rufin ɗakinta ya ɗaga gaba ɗaya da katakonsa, ya yi tsaye kamar yana shawara, ya kifa bayan gida. Na zagaya a guje. Na same ta a kusurwa ta rungume akwatin Alhaji, ruwa na zuba a kanta, silin ya jiƙe ya rufto a kan gado.

Na ce ta taso mu koma ɗakina. Ta ce a'a. Na ce ai larura ce, ko malamai sun yarda. Ta ce ta sani, amma a ɗakin nan ya bar ta, a nan za ta gama. Sannan ta ƙara da abin da ya rufe mini baki: "Talatu, a garin nan ɗakin da aka bari kwana biyu ba kowa, kin san abin da ke samunsa." Na sani. Muka samo tamfol muka ɗaura, ta ja tabarmarta gefen da ya rage. Duk ruwan da aka yi sai tamfol ɗin ya yi ciki, mu tokare shi da muciya ya amayar a tsakar gida. Tari ya kama ta, kuma damina ko zama ba ta gama yi ba.

Dole a nemi mai rufi. Ita ba ta fita, ba ta zama da bare, don haka aka rataya labule a ƙofar ɗakin, duk wanda aka kawo ya tsaya a waje, ta yi tambaya a hankali ni in ɗaga murya in maimaita. Na farko da aka kawo bai wuce tambaya ɗaya ba. Ta ce in tambaye shi ina yake buga ƙusa. Ya ce a inda ta fi saurin shiga. Ta ce in ba shi ruwa ya sha ya tafi. Na biyu ya iya baki, ya yi ta zuba Faransanci, amma da aka zo kan ɗaurin katako ya ce nauyin kwano ya isa ya riƙe shi. Daga bayan labule na ji ta yi tsaki, na farko tun rasuwar Alhaji, har na ji daɗi.

Ta ce, "A kira mini Filimo."

Na nemo lambarsa a tsohuwar wayar Alhaji. Da ya ji muryata ya gaishe ni da Sango, ya ce, "Bara ala, Mama Talatu," kamar jiya muka rabu. Na gaya masa Alhaji ya rasu. Sai na ji yana jan hanci. Na gaya masa zancen rufi. Ya ce zai zo, ko da kayan aikinsa kaɗai ne a ka, amma sai an sami dattijo ya tarye shi a bakin unguwa ya rako shi, ya kuma mayar da shi kafin rana ta faɗi. Sharafaddeen ya yi ta murza gemu, daga baya ya ce to, zai yi.

Abin da ya ɓata mana shiri al'adarmu ce, wadda kullum nake alfahari da ita. A wurinmu namiji ba ya hawa rufi sai an bi maƙwabta gida-gida an ce, "Gobe za a hau sama, mata a kimtsa." Gidajenmu a manne suke, wanda ke kan rufi ɗaya yana ganin tsakar gida biyar, da masu wanka da masu tsifa. Ba a taɓa karya wannan ba, ko a rikici. Na yafa mayafi na bi layi. Kowace ta ce, "Allah ya kai mu, wa zai hau?" Ni kuwa ban iya ƙarya ba.

Kafin magariba samarin da ke gadin layuka sun zo wurin Sharafaddeen. Suka ce mutumin waje ba zai hau sama ya ƙare wa lungunanmu kallo ba, ya san ta ina ake shiga ta ina ake fita, ya koma ya ba da labari. Suka ce in ya hau ba su da alhakin yadda zai sauko. Wannan bai ba ni mamaki ba, yara ne da tsoro ya yi musu yawa har ya koma fitsara. Wanda ya ƙona mini rai Alhaji Muhyiddeen ne na ƙarshen layi, dattijo da furfurarsa, da ya ce shi ma bai yarda ba. Na ce masa, "Alhaji, rufin da kake kwana a ƙarƙashinsa wa ya yi shi?" Ya ce wancan lokaci daban, wannan daban. Na dawo ina huci. Ni na sake kiran Baba Filimo na ce ya yi zamansa. Ya ce ya gane, Allah ya ba Mama haƙuri, kuma wallahi da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Washegari Sharafaddeen ya zo da Uwaisu. Ya ce, "Yaya, ga namu. Ɗan gida ne, sahun gaba yake sallah, ba mai cewa komai in ya hau."

Na san Uwaisu. Kafin rikici babur yake ja a Koudoukou, ban taɓa ganinsa da guduma ba. Amma tun da aka rufe mu ya zama mai rufi, har da yara masu taya shi. Na tsaya a bakin labule na shirya jin tsaki.

Ta ce in tambaye shi ƙusa.

Ya ce, "A kan tudu, Hajiya, da hularta. Wanda ya buga a kwari ya yi wa ruwa ƙofa."

Ta ce haɗi fa?

"Tudu biyu nake hawarwa, ba ɗaya ba. Kuma bakin haɗin ya juya wa kogi baya, don daga can iska take zuwa."

Ta ce katako?

"Da ƙarfe nake ɗaure shi, in ratsa cikin gini in lanƙwasa. Sai dai iska ta tafi da ɗakin duka."

Na leƙa na ga idon Ummuhani ya kawo ruwa, don kalmomin Alhaji ne sak, kuma aikin Filimo ne sak. Ni kaina na yi mamakin inda ɗan babur ya koyi wannan karatu, amma na ce a raina wuya tana koya wa mutum komai.

Saura kwano. Shagon Alhaji ya daɗe da zama fanko, motocin da ke kawo kaya daga Duwala ba sa isowa, sabon falle ko na magani babu a unguwa. Uwaisu ya ce, "Akwai kwano, Hajiya, amma okaziyo ne. Mai kauri, ya fi sabon yanzu." Okaziyo shi ne na hannu, wanda aka taɓa amfani da shi. A shekarar nan babu wanda bai san daga ina irin wannan kwano yake fitowa ba, kuma babu mai tambaya, don wanda ya tambaya zai kwana a ruwa. Na ga ta buɗe baki. Daidai nan aka yi tsawa can wajen kogi, tamfol ya fara kaɗawa, tari ya sarƙe ta. Da ya lafa sai ta ce, "Ce masa ya zo gobe."

Na sake bin layi, wannan karon kowa ya ce madalla. Da sassafe ta koma madafa ta zauna ta juya wa ƙofa baya, aka shigo da kwano ta zaure, ba ta ga ko falle ɗaya ba. Da kunne ta bi aikin. In guduma ta sauka sai ta gyaɗa kai, wani lokaci ta ce, "Ya sami katako." Wuni guda suka yi, suka bi tsofaffin ramukan ƙusa da kwalta suka toshe. Silin ne kawai ba a mayar ba, don babu katakonsa a kasuwa. Sai da duhun magariba ya shiga suka sauko, ta koma ɗakinta ta yi sallah ta kwanta.

Da safe na kawo mata koko. Na yi sallama ba ta amsa ba. Na ɗaga labule na same ta kwance rigingine, ido a buɗe, tana kallon sama. Gabana ya faɗi, na ɗauka ta bi Alhaji. Sai ta ɗaga yatsa.

Hasken safiya ya shigo ta taga ya haske cikin kwanon. A jikin kowane falle akwai sawun kaza da koren fenti, a jere, ɗaya bayan ɗaya. Daidai saman gadonta kuma ga wani a karkace, fentinsa ya zarto ƙasa.

Ta ce, "Talatu, ga gurguwar kazata."

Na ajiye kwanon koko don kada ya suɓuce. Ban san lokacin da na fita ba, na dai san na dawo da Sharafaddeen da Uwaisu, kuma duk layi ya ji muryata. A nan na gane makarantar da Uwaisu ya yi. Rufin gidajen da aka bari, aikin Baba Filimo, ya yi ta ɓallewa ɗaya bayan ɗaya, har ya haddace yadda aka ɗora su.

Ummuhani ba ta bari na maimaita mata ba wannan karon. Daga bayan labule ta yi wa Sharafaddeen magana da bakinta, da ƙaramar muryar takaba.

"Baban Ikram, ka ce kwaɗo yana ƙofa."

Sharafaddeen ya sunkuyar da kai. Ya ce, "Yaya, wa yake iya ƙarasawa can? Daga shingen ƙarshe nake hange. Da na daina hango rufin, Yaya Alhaji yana kwance, daga baya kuma kina cikin wannan hali. Na ce in na faɗa miki me zai ƙaru?" Ya rantse bai san kwanon da Uwaisu zai kawo ke nan ba. Wataƙila gaskiya ne, ban sani ba, ban kuma damu ba.

Uwaisu kuwa ko gezau. Ya ce, "Hajiya, wallahi ban san na ɗanki ba ne. Ko da na je an riga an kwashe ƙofofi da tagogi, an fara cin rufin ta baya. In ban ɗauka ba wani zai ɗauka ya kai wata unguwa. Ai gara da ya dawo hannunku."

Na ce, "Gara? Ka sayar wa uwa da rufin ɗanta ka ce gara?"

Ummuhani ta ce in yi shiru. Ta ce, "Ka cire ka mayar inda ka ɗauko."

Ya ce, "A kan me zan ɗora shi? Katakon an yi itace da shi. Ginin tubalin ƙasa ne, ruwa ya sauka a kansa tun farkon damina, bangon gabas ya riga ya zauna. Kuma in na cire, ke fa?"

Ummuhani ba ta iya zuwa ta gani da idonta, ba ta iya barin ɗakin, ba ta iya cewa a yaye rufin hadari na haɗuwa a kanta. Suka sulale suka fita. Da yamma aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, da iskar da ta tuge mangwaron masallaci. Ina zaune kusa da ita muna jin ruwa na dukan kwano. Ko ɗigo ɗaya bai sauko ba, ko motsi rufin bai yi ba. Ina ganin wannan ya fi komai ci mata rai, ni ma haka.

Kwanakin da suka biyo ba ta ci abin kirki ba. Ta gwada kwana ta gefe, ta gwada juya gadon, amma ɗaki ɗaya ne kuma sama ɗaya ce. Na ce in samo zane in ɗaura a sama ya rufe alamun. Ta ce in bari. Sharafaddeen ya aiko matarsa da shawara, wai kada a gaya wa yaron komai, a bar shi ya taho, in ya zo ya gani ai ba zai koma ba, sai a san yadda za a yi. Ba zan ɓoye ba, shawarar ta yi mini daɗi a kunne. Na ce mata, "Yaya, ba ƙarya za ki yi ba. Shiru kawai za ki yi." Ta kalle ni, ta mayar da idonta kan kwanon.

Ranar Juma'a aka tashi da ruwa, bai ɗauke ba har aka sauko masallaci. Waya ta yi ƙara. Na danna na sa a fili na ajiye mata a kan tabarma. Muryarsa ta fito da fara'ar da na daɗe ban ji ba. Ya ce an fara haɗa ayarin motoci masu rakiya zuwa Bangi, ya yi magana da wani direba. Ya ce ya sami wanda zai karɓi teburinsa na kasuwa, gobe za su ƙarasa magana. Ya ce Amira, babbar 'yarsa, ta ƙulle kayanta tun yanzu, wai ita ce za ta fara shan mangwaron gidansu.

Sannan ya ce, "Inna, ina jin ruwa a kan kwano. An gyara rufin ke nan? Ya yi kyau?"

Ta ce, "An gyara."

"Alhamdu lillahi. Baba Sharafu ya leƙa can kuwa? Gidan fa?"

Ta ɗaga kai ta kalli sama, ta daɗe. Ni na riƙe numfashi ina roƙon Allah ta yi zancen ciyawa.

Ta ce, "Muhammad Awwal."

Tsigar jikina ta tashi. Mutum ne da 'ya'yansa, bai taɓa jin sunansa a bakin uwarsa ba. Da ya yi magana muryarsa ta koma ta yaro. Ya ce, "Na'am, Inna. Lafiya?"

Ta ce, "Kada ka ba da teburinka. Kada ka taho. Babu gida."

Ta gaya masa komai, a jere, ba ta yi kuka ba, ba ta zagi kowa ba. Ta ce ya riƙe abin da ke hannunsa, ya sa yaran makaranta a can. Ya yi ta cewa zai zo ko shi kaɗai ne, ta ce ya zo ya tsaya a ina, ya ci me? Da aka kashe wayar ta juya ta fuskanci bango. Ni na yi kukan, na yi mai isata.

Takaba ta ƙare, ta yi wanka ta sa turare, aka buɗe mata ƙofa. Daga baya unguwa ma ta buɗe, motocin Duwala suka dawo, har Baba Filimo ya sake shigowa da zartonsa, ya tsufa, ya zo ya yi mata gaisuwa. Muhammad Awwal yana Garwa-Bulai har yau, tebur ya zama shago, yaransa Fulatanci suke yi. Yakan zo da sallah wani lokaci ya kwana biyu ya koma. Ta koma ce masa "yaron nan", don Kokoro ta fita daga bakinta, kuma ƙafarta ba ta taka can ba ko sau ɗaya.

Bara da katakon silin ya yi araha na ce mata mu kira Filimo ya rufe saman ɗakin, ko ta huta da kallo. Tana tankaɗe garin turare, ba ta ko ɗago ba.

Ta ce, "Bar shi, Talatu. Abin da ya rage na gidan ke nan."